"Hannu da yawa maganin ƙazamar miya": ta shafi saƙa kuwa?

Maman 'Yan Biyu, Gwammaja: Assalamu alaikum. Mu shida ne a layinmu muke saƙa kayan jarirai da kwarashi, hula da safa da rigar sanyi. Wata mai jego ta kawo aikin bargo ana saura kwana uku suna, sai babbarmu ta ce kowa ta yi layi biyar ta miƙa wa ta kusa da ita, wai hannu da yawa maganin ƙazamar miya. Bargon ya fito wani wuri a tsuke, wani wuri a sake. Anya muhallin karin maganar ke nan?

Malamin Hausa, Fagge: Wa alaikumus salam Hajiya. Ba muhallinta ba ne. Miyar ai ƙazama ce, kowa ya tsoma hannu kaɗan sai ta ƙare ba wanda ya ji jiki. Ana kawo ta kan aikin da kowa ke gudu, irin yashe kwata kafin damina. Babu inda aka ce miyar ta koma mai daɗi.

Anti Mai Ulu: Malam, to "hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka" fa? Ba gara ita ba?

Malamin Hausa, Fagge: Jinka nauyi gare ta, shi ya sa ake gayya. Bargon jariri kuwa ba nauyi ne matsalarsa ba.

Jikan Masaƙa, Cikin Birni: Ku ba ni dama. A gidanmu na taso na ga yadda tufa ɗaya ke ratsa hannu da yawa, amma ba a tukunya ɗaya ba. Mata su gurza auduga, su shiɓe, su kaɗa da mazari. Masaƙi ya karɓi zaren ya saƙa siraran ƙyallaye da ƙoshiya. Daga nan sai marina, irin ta Ƙofar Mata da ake cewa tana nan tun 1498, sannan mabuga su buga har ya ɗau sheƙi, a kai Kasuwar Kurmi. Marini bai taɓa ce wa masaƙi "matsa in taya ka" ba. Kowane hannu da irin jan zarensa, ko uwa da 'yarta ba sa zuwa ɗaya.

Anti Mai Ulu: Baba, kun yabi tsarin, amma a faɗi gaskiya: matar da ta kwana tana kaɗi ita ce mai ƙaramin rabo, ribar tana hannun ɗan kasuwa. Idan haka rabon aiki yake, ni dai da sake.

Jikan Masaƙa, Cikin Birni: Wannan ban musa ba, 'yata.

Maman 'Yan Biyu, Gwammaja: To yanzu mu ya za mu yi? Ga hunturu ya ƙarato, aiki zai yi yawa.

Anti Mai Ulu: Ku sayi ulu iri ɗaya a lokaci ɗaya, don launi kan bambanta. Kwarashi ma lamba ɗaya. Kowa ta saƙa nata ƙyallen mai kusurwa huɗu a kan awo guda, mutum ɗaya ta harhaɗa ta yi baki. Kuma ku yanke kuɗin mai harhaɗawa tun kafin a fara, don aikinta ya fi na kowa cin ido.

Malamin Hausa, Fagge: Babbar taku dai kada a ce mata ni na ce ta yi kuskure. Unguwarku nake bi in je aiki.