Maɓoyar ɗaukar hoton tsuntsaye: wa ya taɓa haɗa tasa?

Ɗan Gashuwa: Assalamu alaikum jama'a. Hunturu ya ƙarato, agwagin Turai sun kusa sauka dausayin Haɗeja da Nguru, ni kuwa a wannan shekarar so nake in samo hoton kirki a Dagona, wurin kare tsuntsaye da ke cikin dausayin. Gilashin kyamarata milimita 300 ne kacal, in ban matsa kusa ba tsuntsu yakan fito kamar ƙuda a faifai. Bara da ƙafa na riƙa lallaɓawa, kafin in kai inda nake so kirinjijiya ta yi fito, kowa ya watse. Ina neman maɓoyar da zan naɗe in ɗaure a bayan babur. Wanda ya taɓa saye ko ya haɗa, ya taimaka.

Mai Zana: Wa'alaikumus salam ƙanena. Kada ka kashe kuɗinka. Zana biyu, sanda huɗu, igiya. Shi ke nan. Tsuntsayen fadama sun saba da bukkar masu gadin shinkafa, ba sa ko ɗaga kai su dube ta. Nakan yanka 'yar taga da wuƙa daidai tsayin kyamara in ina zaune, in ƙara wata ƙarama a gefe don leƙe. Ranar da na fi jin daɗinta, zalɓe ne ya sauka gabana har ina ganin ruwa na ɗiga daga bakinsa bayan ya cafke ɗan kifi. Aibinta nauyi, sannan in ka bar ta kwana uku a ƙasa gara ta gama da gindinta.

Injiniyan Fagge: Ni tawa tela ne ya ɗinka. Na sayi yadi mai ruwan ƙasa a Kantin Kwari, na samo bututun roba irin na masu wayarin, na yanka shi guntu-guntu yadda zai shiga buhu. Tsayinta ya kai ƙirjina, faɗinta ya ishi kujera 'yar tsugunno da ƙafafun kyamara. A tsakar gida abin gwanin sha'awa, har maƙwabta suka leƙo.

Da na kai ta bakin ruwa sai iskar hunturu ta tona mini asiri. Yadin ya riƙa kaɗawa fal-fal kamar tuta, ko balbela ba ta yarda ta matso ba, balle dinya. Na zauna tun asuba har hantsi ban danna ko sau ɗaya ba. Da na koma sai na sa telan ya yi mini aljihu a gefen ƙasa zagaye, ina isa in cika su da yashi, in ɗaure kusurwa huɗu da turaku. Ya kuma ɗinka hannun riga a bakin tagar, gilashin ya shiga ciki ya zauna daram. Tun daga nan aka daidaita. Amma fa ka sani, da zarar ƙarfe goma ya yi, cikinta ya zama tanda. Ka bar kafar iska ta sama, ka riƙe ruwan sha.

Abban Yara: Gargaɗi ɗaya zan yi. Kada ka sayi mai zanen kakin soja. Na yi odar irin ta daga waje, mai buɗewa da kanta kamar laima, kyakkyawa ƙwarai. A wani shingen bincike aka zazzage jakata, ga tanti mai launin kaki, ga dogon gilashi, ga na'urar hangen nesa. Sai da na yi awa biyu ina nuna hotunan tsuntsaye a kyamara kafin aka sallame ni. Ban ga laifinsu ba, yanayin ƙasar ne. Tana nan ƙarƙashin gado har yau.

Antin Jos: Malam Ɗan Gashuwa, mu nan duwatsu ne da kurmi, ba fadama ba. A wajen dajin Amurum, can Laminga inda cibiyar binciken tsuntsaye ta Leventis take, ƙananan tsuntsaye nake bi. Tsohon gidan sauro na rina ya koma ruwan toka, in jingina da dutse in lulluɓa da shi har kyamarar. Iska na shiga, sauro ba ya shiga, kuma a jakar hannu yake zama. Sai dai ka duba wurin zama da sanda kafin ka zauna. Na taɓa ɗaga tabarmata na tarar da kunama kwance a ƙarƙashi, ashe tare muka yi zaman.

Jikan Maharba: 'Ya'yana, duk wannan dabara kakanninmu sun riga ku. Maharbi kan ɗaura kan burtu na itace a goshi, ya duƙa yana rausaya kai kamar mai kiwo, har ya isa kusa da barewa. Dabba motsi take tsoro da siffar mutum a tsaye, launin yadi bai dame ta sosai ba. Ku kafa maɓoyar tun da yamma ta kwana, ku shiga kafin gari ya waye, rana kuma ta kasance a bayanku. In kun makara, ku tafi ku biyu, ɗaya ya shiga, ɗayan ya juya ya tafi a fili tsuntsayen na kallonsa. Da yawansu sai su saki jiki. Kuma don Allah ku nisanci sheƙa. Na ga yaron da ya kafa tasa dab da ta kurciya, uwar ta gudu, rana ta dafa ƙwan.

Ɗan Gashuwa: Allah ya saka da alheri, Baba. Na gode Anti. Zan bi ta telan, amma in na isa in sayi zana ɗaya a ƙauyen in jingina ta gaba. Injiniya, yadi nawa ya ci maka, kuma bututun wane kauri ne?

Injiniyan Fagge: Yadi takwas, har da aljihunan. Bututun kada ka ɗauki siriri, lanƙwashewa yake in rana ta buge shi. Ka kuma ce wa telan kada ya sa maka abin maƙalawar nan mai ƙara in an ɓalle, maɓalli ko igiya kawai. Nawa na farko da na ɓalle shi, fadamar gaba ɗaya ta tashi sama.