Itacen mapul mai zubo da rassa: ya yake yi a Maradi?

Malam Isufu, Ali Ɗan Sofo:
Salamu alaikum. Masu son dasa gajeren mapul ɗin nan na Japan, mai jan ganye siri-siri da rassa masu zubowa ƙasa, ku sani itacen ƙasar sanyi ne. Yana buƙatar makonni na sanyi sosai ya zubar da ganye ya huta, hunturunmu kuwa bai kai ba. Shi ya sa shekarar farko yake kyau, daga nan tohonsa ya riƙa raguwa. A Afrilu da Mayu, da zafi ya haura digiri 40, bakin ganyen ke fara ƙonewa ko da ƙasar na da laima, don saiwar ba ta iya kai ruwa da saurin da ganye ke zubar da shi.

Hajiya Rabi, Zariya:
Haka ne Malam. Wanda ya riga ya saya, kada ya sa shi a ƙasa. Tukunyar ƙasa mai huji a gindi, ba baƙar roba ba, ita ke dafa saiwa. Yashin gulbi kashi ɗaya, ruɓaɓɓen taki kashi ɗaya, ƙasar fadama kashi ɗaya. Takin da bai ruɓe ba gara yake kira. A ajiye shi gabashin ɗaki, ya sha hantsi kawai. Ruwa da safe, sai an tura yatsa an ji saman ƙasar ya sha iska.

Sani mai garka, Jiratawa:
Wajen aski ake kashe shi. Wannan iri aure ake yi masa a kan wani gindi, za ka ga kumburi a jikin kara. Duk tohon da ya fito ƙasa da kumburin nan a cire shi nan take, na gindin ne, ya fi ƙarfi, in an bar shi zai danne na sama. Bayan haka busassun rassa, sai masu gugar juna, sai masu jan ƙasa. A yanka dab da ɗan kumburin gindin reshe, kada a bar kututture, kada kuma a shafe shi daidai da kara. Kar a wuce kashi ɗaya cikin biyar a shekara. Ganyen sama shi ne lemarsa. In aka fyaɗe shi rana ta ƙone ɓawon. Disamba zuwa Janairu ya fi, kuma a goge almakashin da jabel.

Hajiya Rabi:
Sani, ni dai da a ce shawarata ce, maimakon mapul a dasa kariya, itaciyar nan mai kaurin gindi da fure. Gajera ce, tana son rana, a rage mata kai kafin damina ta yi rassa da yawa. A bar wurin yankan ya bushe kafin ruwa ya taɓa shi. Sai dai ƙaronta dafi ne, a sa safar hannu, a kuma nisanta ta da awaki da yara.