Neman shawara: na zuba gishiri giram 5, ya fito kusan 7, ina na kuskure?

Mai tambaya: Assalamu alaikum malamaina. Gwajin rarrabe abubuwan da aka cakuɗa nake shirya wa ɗalibai. Na haɗa yashi giram 10, gishiri giram 5, garin ƙarfe giram 3 da amoniyam kuloraid (wani farin sinadari mai kama da gishiri) giram 2. Na zuba ruwa, na tace, na ƙafar da ruwan a kan wuta. Farin garin da ya rage ya kusa giram 7, yashin kuma da ya kwana ya yi ja. Don Allah a nuna mini hanya.

Malamar kimiyya: Wa alaikumus salam Malam. Tun a matakin farko aka samu matsala, ruwa ne ka yi saurin zubawa. Gishiri da amoniyam kuloraid duk suna narkewa a ruwa, kusan ma daidai wa daida: ruwa mililita 100 a digiri 20 yana ɗaukar gishiri wajen giram 36, amoniyam kuloraid wajen 37. Tare suka wuce ta takardar tacewa, tare suka bushe, 5 da 2 kuwa ai 7 ke nan. Jan da ka gani tsatsa ce, don ƙarfe ya jiƙa da ruwan gishiri ya kwana a iska.

A cakuɗe kowane abu yana nan da halinsa, ba kamar gishirin kansa ba, wanda sodiyam da kulorin suka haɗe a cikinsa har sai da lantarki ake raba su. Halin kowanne za ka kama shi da shi. Maganaɗisu tukuna, sai zafi, sannan ruwa.

Ka baza garin a kan takarda ya yi siriri, ka sa maganaɗisun a cikin leda kafin ka bi ta kansa. In ka zare shi daga ledar, ƙarfen zai zube da kansa. Ka motsa garin ka sake bi sau uku ko huɗu. Sai dai dole ya kasance a bushe ƙarau, in da damshi yashi zai biyo ƙarfen.

Mai kula da ɗakin gwaji: Malama ta gama magana a kan tsari, bari in ƙara a kan matakin zafi, don nan ake yawan asara. Ka zuba garin a ƙaramin kwanon tangaran, ka kife mazurarin gilashi a kai, ka toshe bakin wutsiyarsa da auduga. Wuta kaɗan-kaɗan. Wajen digiri 340 amoniyam kuloraid yana tashi ba tare da ya zama ruwa ba. A gaskiya rabuwa yake zuwa iskar amoniya da haidurojin kuloraid, da sun taɓa gilashi mai sanyi sai su sake haɗuwa, ka ga farin gari yana manne wa cikin mazurarin. Gishiri ba zai motsa ba, sai digiri 801 yake narkewa. In ka cika wuta mazurarin ma zai yi zafi, hayaƙin ya rasa inda zai sauka ya tsere. Jiƙaƙƙen ƙyalle a bayan mazurarin yana taimakawa. A buɗe tagogi, kuma kada ɗalibi ya ɗaga mazurarin sai ya huce.

Farin garin nan naka ma kada ka zubar, Malam. Ka yi masa haka, gishirinka zai rage a kwano.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. To ruwa nawa zan zuba a ƙarshe? Kuma gishirin yana ta tsalle yana fita daga kwano in ya kusa bushewa.

Ɗan'uwa daga sashen sinadarai: Giram 5 bai buƙaci fiye da mililita 14 ba a lissafi, amma ka zuba 30 ka juya sosai. Ruwan ɗumi sauri kawai yake ƙarawa, yawan gishirin da ke narkewa bai cika canzawa da zafi ba. Ka ninke takardar tacewa gida huɗu, ka jiƙa ta ta kama mazurari, kada ruwa ya kai bakinta, in ya haura yashi zai bi ta baya. Ka wanke yashin sau biyu da mililita 10, ka haɗa ruwan wankin da na farko, in ba haka ba gishiri zai bushe a jikin yashi, awo biyu su lalace.

Tsallen kuwa tururi ne ke fashewa a ƙarƙashin ɓawon gishiri. Da ka ga gishiri ya fara fitowa a gefen kwano, ka sauke shi daga wuta, ka ɗora a bakin kofin gilashi mai tafasasshen ruwa, tururin ya ƙarasa busar da shi a hankali.

Malamar kimiyya: Kada ka yarda da awo ɗaya. Ka busar, ka bari ya huce, ka auna, ka sake, har awo biyu a jere su zo ɗaya. Sannan ka ɗumama ɗan gishirin a busasshen bututun gwaji: in farin zobe ya fito a saman gilashin, da sauran amoniyam kuloraid. Yashi kuma, ka ɗiga ruwan wankinsa na ƙarshe a kan gilashi ya bushe. In ya bar farin tabo, ka ƙara masa wanki ɗaya.