Dubu takwas na biya, bairos ya kulle mini komai

Baban Ilham: Salamu alaikum jama'a. Yau raina a ɓace yake wlh, ku yi haƙuri in na cika ku da surutu. Watan jiya na kai laftof ɗin gida wani shago can wajen Terminus a nan Jos aka yi mata fomatin, yaron ya ce sai an sa antibairos mai ƙarfi, na ce nawa, ya ce dubu takwas har da Office da CorelDraw, na ciro na ba shi ko ragi ban nema ba. Jiya da daddare madam ta buɗe za ta ci gaba da rubutun projet ɗinta, ba fayil ɗaya da ke buɗuwa, hotunan sunan Ilham, takardun fili da na yi sikanin, komai an maƙala masa wasu haruffa huɗu a ƙarshen suna, duk foldar da ka shiga akwai wata takarda _readme.txt wai in biya dala 980, in na yi sauri cikin awa 72 kuma 490. Har da ragi fa! Shi kuma antibairos ɗin yana nan kore shar yana ce mini komai lafiya lau. Ni dai na gama yanke hukunci, antibairos damfara ce kawai, masu gyaran kwamfutan garin nan kuma ɓarayi ne. Wanda ya san wanda yake aiki da gaske ya faɗa mini in saya.

Kofa: Innalillahi. Allah ya mayar da alheri Yaya.

Ɗan Rikkos: Wane antibairos ne aka sa maka?

Baban Ilham: Oho, ni ban riƙe sunansa ba, shi ya zaɓa.

Injiniya: Yaya Baban Ilham Allah ya kiyaye gaba, amma dan Allah ka janye kalmar nan ta ɓarayi. Shekara nawa ina zaune a Ahmadu Bello Way ina wannan sana'a, da ita na yi aure da ita nake ciyar da iyali, mutum nawa a zauren nan na gyara wa na'ura ban karɓi ko sisi ba? Yau kuma don yaro ɗaya ya yi maka ba daidai ba sai ka haɗa mu duka ka sa a buhu ɗaya.

Baban Ilham: Injiniya ban kama sunanka ba ai.

Injiniya: Ka ce masu gyaran kwamfutan garin nan. Ni a Bukuru nake ko a Bauchi?

Kofa: Bukuru ma ai Jos ce Oga

Injiniya: Kofa ka yi mini shiru, ba da kai nake ba.

Maman Hanif: Baban Ilham sannu da wannan jarabawa. Kafin komai ka cire laftof ɗin daga intanet, kar a sake soka mata filash ko had dis na waje, zai kulle su su ma. Wannan takarda ta dala 980 da 490 sananniya ce, irin bairos ɗin garkuwa ne da ake kira STOP ko Djvu, kuma babbar hanyar da yake shigowa ita ce manhajojin kirak, wato waɗanda aka fasa don a yi amfani da su ba biya, da abubuwan da ake kunna Office da su ba lasisi. Yawanci yana tahowa da wani mai kwashe faswod, don haka ka ɗauki wayarka yanzu ka canza na imel da Facebook da na banki in an taɓa shiga da su a kan laftof ɗin. Kar ka biya, kar kuma ka goge fayilolin. Kamfanin Emsisoft yana da manhajar kyauta ta buɗe irin wannan, ba kullum take ci ba, ya danganta da irin makullin da aka kulle da shi, amma a gwada.

Malam Ƙarami: Ni dai gyara nake so in yi. A shari'a ɓarawo shi ne wanda ya ɗauki dukiyar wani a ɓoye daga ma'ajinta. Wannan yaro a fili aka miƙa masa kuɗi hannu da hannu, in ma ya yi laifi algus ne ko ha'inci, ba sata ba.

Baban Ilham: Toh Malam, maha'inta ne kenan. An gyara?

Injiniya: Ka ga ni ko? Daga ɓarayi an koma maha'inta. Malam da ka bar shi yadda yake.

Malam Ƙarami: Ni hukunci na faɗa, ban ce kai ba ne.

Injiniya: Bari in faɗi gaskiya tunda an taɓo mu. Mutum zai shigo shago ya ce a sa masa Windows, Office, CorelDraw, Photoshop, antibairos, ka ce masa na asali da lasisi kuɗinsa kaza ne, sai ya dafe ƙirji ya ce kai Injiniya so kake ka sayar da ni? A sa mini irin wanda ake sa wa kowa. Toh wanda ake sa wa kowa ɗin kirak ne, kuma kafin kirak ya shiga dole sai an kashe tsaron kwamfutar don shi ne zai fara kama shi. Dubu takwas Office kaɗai ba ta saya ba Yaya, kai ma ka sani. Araha ba ta ado.

Baban Ilham: Ni ban ce a sa mini na sata ba. Ban ma san akwai na sata da na halak ba, aikinsa ne ya gaya mini.

Ɗan Rikkos: Duk wannan ba ta taso ba da Kaspersky aka sa. Ni shi nake amfani da shi tun ina makaranta, ko atishawa kwamfutata ba ta taɓa yi ba. Abin Rasha ba wasa.

Kofa: Kaspersky ɗin da Amurka ta hana sayarwa a 2024? Tun 2017 ma suka cire shi daga kwamfutocin gwamnatinsu.

Ɗan Rikkos: Shi ne ma shaidar yana aiki ai. Me ya sa ba su hana sauran ba? Hassada ce. Kamfanin ya musanta duk zargin da suka yi. Kuma ka tuna watan Yulin 2024 da filayen jiragen sama da bankuna suka tsaya cik, kwamfuta wajen miliyan 8.5 suka ɗauke, kamfanin tsaron kwamfuta CrowdStrike ne ya saki apdet mai matsala, na wace ƙasa ne? Amurka. Ba bairos ba fa, mai tsaron ne da kansa ya kayar da su. Ka ji an hana sayar da shi?

Kofa: Kai dai ka ce kana son Putin kawai mu huta.

Ɗan Rikkos: Ina son shi ɗin. Kai kuma je ka nemi bizar da suka hana ka.

Kofa: Ni ban taɓa neman biza ba wlh, a daina yi mini sharri a zaure.

Hajiya Babba: Yara ku bari mana. Ni Smadav jikana ya sa mini, duk filash ɗin da aka dawo da shi daga bizines santa sai ya wanke shi tas. Da can in an kai firintin a Bauchi Road filash ya dawo duk foldoji sun koma shotkot masu ɗan kibiya a gindi, ka danna ba komai, yanzu kuwa shiru.

Maman Hanif: Hajiya ina wuni. Smadav na 'yan Indonesiya ne, ya iya aikin filash kam, amma su da kansu ƙari suka kira shi, ba a dogara da shi shi kaɗai. Kuma bairos ɗin shotkot ɓoye foldoji kawai yake yi, suna nan, na Baban Ilham kuwa sauya cikin fayil ɗin yake yi gaba ɗaya, ba iri ɗaya ba ne. Tambayarsa fa ita ce me zai sa. In Windows 10 ko 11 ce akwai Microsoft Defender a ciki tun daga kamfani, ba ko kwabo, kuma yana samun sakamako mai kyau a gwajin AV-TEST na Jamus da AV-Comparatives na Ostiriya. Matsalar ita ce da zarar an sa wani antibairos sai Defender ya ja gefe ya bar masa aikin. In wanda aka sa ɗin kirak ne ba ya karɓar apdet, kun ga an sallami na gaske an bar hoto.

Injiniya: Anti da girmanki amma Defender na malalata ne. Abin kyauta yaushe ya taɓa tsare mutum? Ni kwastomomina uku nake haɗa musu, babba ɗaya, Smadav, da mai share datti.

Maman Hanif: Manya biyu masu gadi lokaci guda dai kar a haɗa, kamar maigadi biyu ne a ƙofa ɗaya kowa na caje ɗan'uwansa, kwamfutar ta yi nauyi fanka ta yi ta kuka. Defender kuma ba kyauta ba ne in ka duba, yana cikin kuɗin Windows. Na kyautar da ya kamata a yi tambaya a kai irin Avast ne, a 2024 hukumar kasuwanci ta Amurka FTC ta sa su biyan dala miliyan 16.5 kan sayar da bayanan shafukan da mutane ke shiga ta wani reshensu Jumpshot.

Ɗan Rikkos: Kun ji ko! Amma Kaspersky aka hana.

Kofa: Avast na Czech ne malam, ba na Amurka ba.

Ɗan Rikkos: Sun haɗe da Norton tun 2022, je ka bincika. Duk kanwar ja ce.

Malam Ƙarami: Tunda an zo maganar kirak, ni ina ganin a nan kalmar sata ta fi zama. Mutane sun yi wahala sun ƙera abu sun sa masa farashi, kai ka fasa ka yi amfani da shi ba izini. Haƙƙi ne.

Injiniya: Malam, wannan laftof da kake buga jadawalin Islamiyya da ita ni na yi mata aiki. In faɗi abin da ke ciki?

Malam Ƙarami: Akwai saɓanin malamai a mas'alar.

Kofa: Hahaha wayyo cikina

Baban Ilham: Kuna ta dariya, madam tun safe ba ta ce mini uffan ba, babi uku ta rubuta. Ni dai har yanzu ba wanda ya ce mini ga abin da zan saya.

Maman Hanif: Na faɗa sama, saƙonni ne suka binne shi. Ba sai ka sayi komai ba. A kwafe fayilolin da aka kulle a ajiye gefe, a sake Windows mai tsabta, a bar Defender a kunne, a bar apdet yana shiga ko da yana cin data. Bairos ɗin WannaCry da ya tsayar da asibitocin Ingila a watan Mayun 2017, tun Maris Microsoft ta fitar da maganin ɓarakar, waɗanda ba su yi apdet ba ne ya kama. In Windows 7 ce tun Janairun 2020 aka daina kula da ita, Windows 10 ma wa'adinta ya cika 14 ga Oktoban 2025, ka duba ko na'urar za ta ɗauki 11. Maimakon Office na kirak akwai LibreOffice halak malak. In kana son ƙari ka sa Malwarebytes na kyauta ka riƙa sikanin da hannu jefi-jefi, da uBlock Origin a Firefox saboda tallace-tallacen nan masu cewa danna nan. Kuɗin da za ka kashe ka sayi had dis na waje, a kwafa a zare a sa a durowa. Madam kuma ta duba imel da WhatsApp, wataƙila ta taɓa tura wa sufabaizanta babin.

Baban Ilham: Kenan kina cewa laifina ne da ban yi bakop ba.

Maman Hanif: Ban ce ba wlh.

Injiniya: Ni dai maganata ɗaya, a janye ɓarayi. In ba a janye ba ni ma in an zo gyaran kyauta a san inda za a nufa. Kuma tunda ana maganar amana, kuɗin gudummawar gyaran rijiyar masallaci da aka tara bara wa ya riƙe, ina lissafin?

Baban Ilham: Au, nan ka koma? Rasit yana wajen Sakatare, a tambaye shi. Kar ka kuskura ka haɗa ni da kuɗin masallaci.

Hajiya Babba: Subhanallahi. Daga kwamfuta sai rijiya.

Ɗan Rikkos: Rasit ɗin ma ai a laftof ɗin yake, bairos ya ci

Baban Ilham: Ɗan Rikkos ka kiyaye ni.

Sakatare: Salamu alaikum. Yanzu na fito daga Isha na tarar da saƙo ya fi ƙarfin karatu, zan taƙaita don waɗanda ba su bi ba sannan in rufe zauren zuwa safe. Abin da aka cimma shi ne ɗan'uwa Baban Ilham ya yi kuskure da ya kira masu sana'a ɓarayi, Malam ma ya tabbatar a shari'a kalmar ba ta hau ba, muna fatan zai ba Injiniya haƙuri gobe. An kuma fahimci asalin matsalar zuwa wurin yaran da ba a sani ba ne alhali muna da ƙwararre a cikinmu, duk mai buƙata ya nemi Injiniya ya haɗa masa guda ukun nan, akwai ragi ga 'yan zaure. Yawancin jama'a sun fi natsuwa da Kaspersky. Maman Hanif ta kawo bayanai masu tsawo na 'yan Abuja, mun gode, amma abin kyauta sai a yi hattara kamar yadda ita ma ta nuna a kan Avast. Maganar rijiya ba muhallinta ba ne, kar a sake tayar da ita. Allah ya mayar wa ɗan'uwa da abin da ya rasa.

Kofa: Ranka ya daɗe yawancin jama'a su wa? Mutum ɗaya ne fa ya ce Kaspersky.

Maman Hanif: Kawu ni cewa na yi kar a haɗa uku.

Baban Ilham: Ba shakka, Injiniya ƙanin matarka ne ai. Haƙurin ma sai na ga babi ukun madam.

Sakatare ya sauya saitin zaure, admin kaɗai ke iya tura saƙo.