Dokina ya daina yarda a taɓa masa kunne

Sale Mai Doki, Lekki:
Assalamu alaikum 'yan'uwa masu dawaki. Ina da wani akawali da nake fita da shi bakin teku a Lekki ranakun Asabar da Lahadi, masu zuwa shan iska suna hawa suna ɗaukar hoto. Daga Sakkwato aka kawo mini shi, kuma doki ne mai sanyin hali, ko yaro sai ya sa masa ragama. Amma tun da damina ta kankama ya canza. Da na kai hannu wajen kunnensa na hagu sai ya fizge kai sama, ya ja da baya har igiya ta miƙe. Sa linzami ya zama kokawa. Yana yawan girgiza kai, yana goga gefen a jikin turke har gashin wurin ya fara zubewa, kunnen kuma ya kwanta gefe, ba ya tsayawa kamar ɗayan. Ci kam yana ci, ba ya barin dusa ko harawa. Wani ya ce in ɗiga masa kalanzir, wani ya ce gardama ce kawai, a murɗe kunnen a cusa linzami. Raina bai kwanta da ko ɗaya ba. Da dokin nan nake ciyar da iyalina, don Allah a ba ni shawara.

Baba Ɗanjuma, Obalende:
Wa alaikumus salam, ɗana. Na tsufa a bargar dawakin folo a Ikoyi, kuma ina gaya maka dokin da ya saba da hannu ba ya guje masa haka kawai. Ciwo yake ji. Wanda ya ce a murɗe kunnen bai yi maka alheri ba, da yawa daga dawakin da ka ga ba sa yarda a taɓa kansu, irin wannan murɗiyar ce ta ɓata su.

Ka bari sai da yamma bayan ya ci ya natsu. Tsaya daidai kafaɗarsa, kada ka tsaya a gabansa, don kan doki in ya same ka a fuska sai haƙori ya fita. Ka haska cikin kunnen da fitilar waya daga ɗan nesa. Kaska nake zargi, tana son wurin nan, kuma harawa da ciyawar da ake saya sukan zo da ita. In ka ga baƙin datti mai wari, ko ɓawon jini a bakin kunnen, cizon ƙuda ne ko ƙananan ƙwari. In kuma wasu fararen tabo ne masu kaushi a cikin fatar kunnen, kada ka kankare su, nan ne mutane ke jawo wa kansu aiki. Kafin ya warke, ka riƙa kwance maɗaurin linzamin ta gefe, ka zagaya da shi ta bayan kunnuwa sannan ka ɗaure, ba sai ka lanƙwasa kunnen ba. Ka duba ƙeyarsa ma, ko fatar linzamin ta bushe da gishirin teku tana cin sa.

Habu, Agege:
Yaya Sale, mu nan wajen shanu a Oko-Oba in kaska ta dame mu maganin feshi muke haɗawa da ruwa mu wanke dabba. Ka nemi irinsa ka gwada, ba shi da tsada.

Likita Hauwa'u:
Malam Habu, na san da kyakkyawar niyya ka faɗa, amma don Allah Malam Sale kada ka yi. Da yawa daga magungunan kaskar shanu akwai sinadarin amitraz a ciki, kuma guba ne ga doki. Yana tsayar masa da hanji, ciki ya ɗaure, kashi ya ƙi fita, yana iya kashe shi. Kalanzir da baƙin mai kuma ƙona fatar cikin kunne suke yi.

Ramin kunnen doki yana da zurfi, ya gangara ƙasa sannan ya karya ciki, saboda haka abin da ke can ƙasa fitilar waya ba za ta nuna shi ba. Mu kan yi wa dokin allurar da za ta kwantar da shi, mu leƙa da abin duba kunne, mu ciro kaskar da kanta gaba ɗaya, ko mu ɗebi dattin mu duba. In ƙananan ƙwari ne, maganin ivermectin yakan yi aiki. Fararen tabon da Baba ya ambata ƙwayar cuta ce ke kawo su, ƙudaje masu cizo ke yaɗa ta.

In likita ya zo ka ce ya duba baki. Turamen doki sukan yi kaifi su yanki kumatu, sai ya riƙa gudun linzami a ɗauka kunne ne. Abin da ba ya jira kuwa: in kansa ya karkace gefe guda, yana tangaɗi, leɓe ya saki, ko ido ɗaya ba ya rufuwa, ciwon ya shiga ciki ya taɓa jijiya, kada kowa ya hau shi. Haka in ramin saman idanunsa ya kumbura ga zazzaɓi, a kira likita ranar.

Sale Mai Doki, Lekki:
Allah ya saka da alheri. Na yi yadda Baba ya ce, na hango kaska biyu sun ƙoshi a can ciki, ban taɓa su ba. Likita ya zo ya kwantar da shi ya ciro su, har da wasu ƙanana a ƙasa, ya ba ni man shafawa. Girgiza kan ta ragu, kunnen ya fara tashi. Sai dai Baba, har yanzu in na ɗaga hannu yana kaucewa.

Baba Ɗanjuma, Obalende:
Zai yi haka, ɗana, bai manta zafin ba tukuna. Ka fara shafa daga wuya, ka hau a hankali. Inda ka ji ya ɗaure jiki ka tsaya nan, da ya saki ka janye hannunka. Gobe ka ƙara kaɗan. Kada ka bari baƙi masu hoto su riƙa kai masa hannu fuska a wannan tsakanin. Gashin cikin kunnen kuma kada ka aske, shi ke tare ƙuda da yashi. Ka kwashe kashinsa nesa da turke kullum, in ka samu hular kunne ta raga ka sa masa safe da yamma, lokacin da ƙudan suka fi yawa.