Labaran da ake tsallakewa a Shonen Jump

Jama'a, ga abin da na tattaro daga muhawararmu kan labaran da muke tsallakewa ba mu karantawa a Shonen Jump, mujallar labaran zane ta Japan da aka fara bugawa a 1968, mai fitowa mako-mako tun 1969.

1. Mafi yawa labaran barkwanci suke tsallakewa, sun ce rahar ba ta kama su.
2. An yarda a ba sabon labari babi huɗu ko biyar kafin a yanke masa hukunci. Mujallar tana bin ƙuri'ar masu karatu, labarin da ya daɗe a shafukan baya saboda ƙarancin ƙuri'a akan datse shi cikin 'yan watanni. Wannan yana damuna ƙwarai.
3. An rabu kan One Piece, labarin 'yan fashin teku. Wasu tsawonsa ya kore su, tun 1997 ake ta yi. Wasu sun ce a karanta shi littafi-littafi, ya fi daɗi.
4. Labaran wasanni, kaɗan ne suka kare su.