Ina ake samun burbushin halittun teku a Dutsen Ɗuwaiƙ?

Assalamu alaikum 'yan'uwa mazauna Riyad. Kwanaki na tsinci wani dutse a gindin Ɗuwaiƙ, dogon dutsen nan da ke kusa da Riyad, da siffar ƙwanso manne a jikinsa. Ashe wajen nan teku ne sama da shekara miliyan 150 da suka wuce, shi ya sa dutsen farar ƙasar yake cike da murjani da dodon-koɗi. Na koma sau uku, ban sami ko ɗaya ba, sai ƙishirwa da na kwaso. Na kasa bambance shimfiɗun dutsen, duk launinsu ɗaya a idona. A wace shimfiɗa ake dubawa, ta sama ko ta cikin kwari? Kuma doka ta yarda mutum ya ɗauka ya kai gida? Don Allah wanda ya sani ya taimaka.